Almakashin Sista

Ƙarar almakashin Sista shugabar makarantar mishan tana matsowa, aji bayan aji. Dokarta ce: ba kitso, kowa aski. Ga shi jiya-jiya aka rangaɗa wa Auta kitson bikin yayarta.

Ta sulale ta faɗa coci, ta shige ɗan ɗakin furta zunubi, ta ja labule. Ba taga, ba wata ƙofa. Takun Sista ya shigo, yana bin benci-benci. Auta ta toshe baki.

Sai ta ji numfashi a bayan ragar katakon da ta raba ɗakin biyu. Akwai mutum!

"Don Allah a rufa mini asiri," ta raɗa.

"Ni ma a rufa mini, 'yata," in ji muryar Fada, limamin cocin. "Tun safe take neman gemuna."