Ɗago Ki Faɗa

Shekarar da naira ta fito, Halliru ya dawo Roni daga asibiti a Kano da na'urar ji a aljihun gaba, siririyar waya ta haura zuwa kunnensa. Tun da sanƙarau ya kurmantar da shi, a leɓen mutane yake tsintar magana. Shi ya sa Saude, bazawarar da yake nema, ta saba ajiye kunya ta dube shi ido da ido in suna zance.

Da la'asar ya same ta a zauren gidansu. Kukan kaji da dukan taɓarya duk suka rufto masa cikin kai.

"Yau zan ji muryarki," ya ce.

Ta dubi wayar, sai ta sunkuyar da kai, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

"Malam Halliru, zan koma gidan tsohon mijina. Yara sun kasa sabawa da rashina."

Muryar ta fi yadda ya zata taushi. Ya sa hannu a aljihu, ya kashe na'urar.

"Ɗago ki faɗa mini yadda kika saba."

Ta ɗago. Leɓenta ya yi ta rawa, amma ko kalma ɗaya ba ta iya haɗawa ba.