Wanda Ya Sa Ma'u a Tsani

Tun kafin ajidan Sallau, jami'in sandarma, ya gama sa kwaɗo a ƙofar shagon, Abdurrazak ya riga ya koma mota yana kaɗa ƙafa. Shi a ganinsa aiki ya ƙare. Hukuma ta aiko shi daga Maradi ya rufe Tsanin Arziki, kamfanin da ke sayar da shayin magani ba tare da izini ba, ga shi kuwa an rufe.

Sallau bai yarda ba. Ya ce umarnin da aka ba sandarma a fili yake: rufe shago ba ya wadatarwa, sai an kamo wanda ya fara shigo da abin garin Dakoro. Tsarin kamfanin shi ne ka sayi kwali, ka kawo mutum uku su saya, su ma kowa ya kawo nasa. Mata sun sayar da awaki, manoma sun sayar da geron da za su ci da damina, kwalaye kuwa suna jibge a ɗakuna babu mai saye.

"Mushe Abdurrazak, wanda ke gindin tsani abin tausayi ne," in ji shi. "Na sama muke so."

Haka suka fara hawa. Wani tela ya ce Mutari mai gyaran babur ne ya sa shi. Mutari ya ce surukinsa ne, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a Korahane. Abdurrazak ya kawo uzurin mai da lalacewar hanya, ya ce gara a bari sai wani mako. Sallau ya yi dariya, ya ce mutanen biro, masu zaman ofis, ba su da juriyar rana. Suka je, suka dawo. Malamin ya tura su wurin wata unguwarzoma, ita kuma, bayan ta yi ta kame-kame, ta ce tsohuwa Ma'u mai ƙuli-ƙuli ce ta fara kawo mata kwali.

An kawo musu fura a gidan unguwarzomar, Abdurrazak bai sha ba. Ya fita, ya shigo, ya sake fita. Da suka nufi unguwar tsohuwar, direba ya tsaya zai yi tambaya, sai Abdurrazak ya ce masa ya bi lungun dama kawai.

Sun tarar da Ma'u a tsakar gida tana matse tunkuza, matan maƙwabta suna taya ta. Da shigarsu hira ta mutu. Abdurrazak ya tuɓe takalmi a bakin zaure, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Tsohuwar ta amsa a taƙaice, fuskarta na wajen turmi. Sallau ta ba tabarma, shi ta tambayi gajiya da iyali.

Ajidan ya bi ta da lalama. Ya ce ya san mai ƙuli-ƙuli ba ta ƙirƙiro kamfani ba, ta faɗi wanda ya sa ta, su tafi su bar ta da sana'arta. Ma'u ba ta ɓoye komai ba game da kanta. Ta ce ita ce ta fara, kwalaye a motar kasuwa suke zuwa mata, kuma ta shigar da mutane da zuciya ɗaya domin an ce mata alheri ne. Wanda ya faɗa mata ma, a cewarta, da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ma ruɗinsa aka yi.

"To wane ne shi, Inna?"

"Ya san kansa."

Sallau ya sake tambaya, ya canza salo, ya haɗa ta da Allah. Amsar ba ta canza ba. Abdurrazak ya matso kusa da shi, ya raɗa masa cewa tsufa ne, a rubuta ta manta. Ajidan ya dube shi da mamaki, ya ce wadda ta tuna kowa da ta shigar ba za ta manta wanda ya shigar da ita ba. Daga nan muryarsa ta yi kauri. Ya shaida mata cewa in babu suna, ita ce saman tsani, kuma yau a hannun sandarma za ta kwana.

Ma'u ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi. Ta ce wa maƙwabciyarta Dela ta kula da man da ke kan wuta kada ya ƙone. Ta wuce ta gaban Abdurrazak kamar ta wuce ginshiƙi, ta doshi zaure. Shi kuwa ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Dela ce ta kasa haƙuri.

"Ajidan, kai ba ɗan ƙasar nan ba ne? Suna biyu ne bakin mace irin ta da ba ya ɗauka, na miji da na ɗan fari. Mijinta kuwa ya rasu tun ba a san wanga shayi ba."

Sallau ya tsaya cak. Ya tambaye ta ina ɗan farin yake, mi ne ne sunansa. Dela ta sunkuyar da kai, ta ce abin da uwa ta rufe ba a bakin maƙwabciya za a ji shi ba. Sauran matan ma kowa ta kama kallon ƙasa.

Direba ya buɗe ƙofar mota. Tsohuwar ta dafa ƙarfe, ta ɗaga ƙafa ɗaya da ƙyar. A nan Abdurrazak ya taho da sauri, babu ko takalmi, ya shiga tsakaninta da motar.

"Ajidan, bar ta ta koma gida," in ji shi. "Sunan da ta ƙi faɗa maka, kai tun safe kake kiran sa."