Aladen Uwar Amarya

Tun kafin su shiga garin Ihugh hancin Iortyom ya riga babur isa kasuwa. Aladen da ke ɗaure a bayansa yana ta kururuwa, amma shi ba abin da yake ji sai ƙamshin kitse yana ɗiga a garwashi. Ya dafa kafaɗar mai babur ya ce a tsaya, wai zai miƙe ƙafa.

Aladen ba nasa ba ne. Na Sesugh ne, ɗan marigayi wansa, yaron da ya shekara biyu yana ɗura wa dabbar ɓawon rogo da dusar burkutu har ta kai ba ta tashi sai da nishi. Yau ake kai kayan auren Sesugh ƙauyen su amaryarsa Hembadoon, kuma kowa ya sani gishiri da manja duk rakiya ce, alade shi ne rabon uwar yarinya. In ta dube shi ta taɓe baki, sai a kwashe kaya a koma gida. Motar dangi ta cika, shi ya sa aka ɗora Iortyom a babur da alade aka ce ya yi gaba. An ba kura ajiyar nama ke nan.

A gindin mangwaro wata dattijuwa mai kaurin damtse ke gashi, tana juya haƙarƙari tana duban rana. Ta miƙa masa ɗanɗano a bakin wuƙa. Fatar ta yi ƙaras a haƙoransa, kitsen ya narke, barkono ya biyo baya. Iortyom ya lumshe ido, ya ji duniya ta yi masa daidai. Sai dai aljihu wayam.

Wanda ba shi da kuɗi sai ya biya da baki. Ya gyara zama ya ba ta labarin yadda gashin alade ya samo asali, a gidansu ba a ko'ina ba. Wai kakan kakansa yana gasa doya, wani alade ya cusa hanci zai sata, tsohon ya zaro ice mai wuta ya maka masa a kunne. Ƙamshin da ya tashi ya sa tsoho ya manta da doya, ya bi alade da gudu har ƙauye bakwai yana roƙonsa ya tsaya a ƙarasa magana. Tun daga ranar, in ji Iortyom, doya ta koma 'yar rakiya.

Matar ta yi dariya, ta tambaye shi ina za a kai wannan ƙaton. Ya gaya mata, har da sunan ƙauyen da na yarinyar. Ta kalli dabbar, ta je ta shafa bayanta, ta ce lallai mai kiwon nan ba rago ba ne.

A lokacin ne idon Iortyom ya faɗa kan wani ɗan tsamurarren alade da ke ɗaure bayan rumfa, kai ya fi jiki girma. Shaiɗan bai sha wuya da shi ba. Ya ce su yi musaya, ta ɗauki babban, ta ba shi ƙaramin, ta cike masa da cinya guda da ƙwaryar burkutu.

"Baba, ka tabbata? Uwar yarinya fa?"

"Wace uwa? Tsohuwar ƙauye ce. In dai ya yi gurnani, alade ne a wajenta."

Ta sake tambayarsa, ya sake tabbatar mata. Ta yanka masa cinyar, ta yayyafa yaji da hannu sake, sannan ta hau kashe wuta, ta ce yau da wuri za ta tashi don tana da baƙi. Iortyom bai ko ɗago kai ba. Ya ci har ya kwance ɗamara, ya siɗe yatsu, barci ya kwashe shi a inuwa.

Ya iso ƙauyen daf da la'asar, lokaci guda da motar dangi. Sesugh ya dubi abin da ke kan babur.

"Baffa, ina aladena?"

"Ga shi kuwa. Zafin hanya ne ya zuge shi. Kai dai ka bar ni da mata."

Yaron ya kau da kai don kada surukai su gani, hawaye ya cika masa ido. Shekara biyu!

Maza suka gama tasu, aka jera gishiri da manja a tsakar gida, aka ja ɗan aladen tsakiya, aka aika a kira uwar amarya. Iortyom ya miƙe ya gyara murya, yana shirya yadda zai ce wannan iri ne na musamman, namansa duk a ciki yake. Mata suka fito a jere cikin zane mai ratsin baƙi da fari, suka dare suka ba ta hanya. Ɗan aladen ya fizge igiya ya ruga wajenta yana goga hanci a ƙafarta.

"Sannu da hanya, Baba, ya cinyar?" in ji ta. "Wannan dai nawa ne, da hantsi na ba ka shi, yanzu sai ka nuna min na auren 'yata."