Maganin Kafinta a Idon Auduga

Shekara guda ke nan da matar Kafinta ta samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya saki, harshe ya yi nauyi, macen da a da ba a raba ta da hira ta koma sai kallo. Babu abin da ke fito da ita daga ɗaki sai wani farin zomo da 'yarsu ta kawo mata. Matar ta sa masa suna Auduga. Kullum da hantsi Kafinta zai turo kekenta na marasa lafiya zuwa baranda, ya ɗora mata zomon a cinya, ita kuma ta riƙa jan shanyayyen hannun a kan gashinsa. A haka yatsunta biyu suka fara motsi, har mai yi mata gashin ƙashi ya ce kada a raba ta da wannan zomo.

Kafinta yana son matarsa, wannan babu ja. Aibinsa ɗaya ne: duk abin da ya lalace a duniya, gani yake shi zai gyara. Ya ƙera wa Auduga keji na gani na faɗa, har da sakata. Don kada sanyi ya kama zomon, kullum sai ya sharo garin katakon da ke taruwa a ƙarƙashin injinsa, mai laushi kamar hoda, ya shimfiɗa masa.

Wata safiya matar ta lura idon hagu na Auduga yana zubar da ruwa, gashin kumatunsa ya jiƙe ya cukurkuɗe. Ta yi ta gurnani har mijin ya duba. Dariya ya yi, ya ce wa zai koya masa ciwon ido, shi da ya shekara talatin garin katako yana faɗa masa a ido? Ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya zaro wata 'yar kwalbar maganin ɗigawa da ya taɓa saya a kemis, ya ɗiga wa zomon safe da yamma. Kwana biyu jan idon ya ragu, Kafinta ya cika shago da labarin iya likitancinsa.

A kwana na biyar idon ya kumbura ya rufe rabi. Farar mugunya mai kauri ta fara fitowa, ƙwayar idon ta yi hazo. Ƙanwar Kafinta da ta zo duba mara lafiya ta leƙa kejin, ta dawo wurin yayanta.

"Yaya, don Allah ka kai shi wurin likitan dabbobi yau. Wannan ya wuce maganin gida."

"Zomo fa kika ce? In rufe shago in je in bi layi da zomo a hannu, mutane su ce na zautu? Ƙara masa maganin zan yi."

Ya ƙara kuwa, sau huɗu a rana. Shi zomo ba ya kuka, ba ya kai ƙara, don haka Kafinta ya ɗauka shirun nan sauƙi ne. Auduga ya daina cin ganye, ya takure a lungu yana cizon haƙora. Kashinsa ma ya ɗauke, Kafinta bai kawo komai a ransa ba. Sai da ya ɗora shi a cinyar matarsa kansa ya langaɓe, ta fashe da kuka, sannan ya sa shi a kwali ya fita da sauri.

Likitar ta haska idon, ta karɓi kwalbar ta karanta, ta girgiza kai. Ta bayyana masa cewa garin katako ne ya karce ƙwayar idon ya yi gyambo, kuma wannan maganin nasa irin wanda ke ɓoye ja ne, amma yana hana gyambo warkewa, har ya ƙara zurfafa shi. Zafin ciwo ne ya hana zomon ci, shi kuma zomo in ya wuni bai ci ba, hanjinsa tsayawa yake yi.

"Baba, da ranar da ya fara hawaye ka kawo shi, wanke ido ne da magani na 'yan kwanaki. Yanzu zan gwada, amma ba na ba ka tabbas."

Ta yi allura, ta ɗura masa ruwa. Kafin la'asar Auduga ya mutu.

Kafinta ya daɗe a ƙofar gida kafin ya iya shiga. Ya durƙusa gaban keken matarsa, ya faɗa mata gaskiya duka, bai rage komai ba. Ta dube shi, ta yi ta fama da harshenta, da ƙyar ta haɗa kalma biyu.

"Ba komai."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Tun daga ranar ta ƙi yarda a fito da ita baranda. Ya sayo wani zomon, ta juya fuska bango. Cikin wata guda yatsun nan biyu suka sake ƙagewa, mai gashin ƙashi ya ce aikin shekara ya koma baya. Kafinta yakan zauna a bakin ƙofar ɗakinta da kwanon abinci a hannu, yana roƙonta ta ci ko loma ɗaya, baƙin ciki na cin sa, ba shi da wanda zai ɗora wa laifi sai kansa.

Jama'a, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. In idon zomonka ya fara ruwa, ja, kumburi ko mugunya, ka kai shi wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba, in kuma ya daina ci, kada ka bari ya kwana. Kada ka ɗiga masa maganin mutane, domin dabbar da ba ta kuka, ba lafiya ce ta hana ta kuka ba.