Adireshin da Aka Yanke Rabinsa

Ka ce manhajarka tana mutuwa, har ka riga ka san mai laifi. To, ajiye wayar nan tukuna, ɗan'uwa, ka ji abin da ya faru a wani asibiti.

Wani gwani ya rubuta musu manhaja da harshen kwamfuta mai suna C, mai ajiye sunayen masu ba da jini a cikin fayil. Wata mata mai marayu uku ce ke shigar da sunayen. Da aka sayo sabuwar kwamfuta, sai manhajar ta riƙa mutuwa duk sanda ta zo karanta fayil ɗin. Gwanin ko zama bai yi ba, ya ce, "Matar nan ce ta lalata shi da yatsunta." Ta rantse, ta sake buga sunaye ɗari huɗu daga takarda, abin ya sake mutuwa. Aka sallame ta. Haba jama'a! Shekara shida ba a taɓa kama ta da kuskuren harafi ba, amma ba wanda ya buɗe baki ya ce a duba aikin gwani.

Da wanda ya gaje ta ya sha irin wannan wahala, sai aka kira wata tsohuwar malamar kwamfuta. Ko taɓa fayil ɗin ba ta yi ba. Ta sa aka sake harhaɗa manhajar a gabanta, sai ga gargaɗi a allo, wanda gwanin ke tsallakewa kullum don rawaya ne, ba ja ba. Ashe ya rubuta wani sashe mai buɗe fayil ya dawo da adireshinsa, wato lambar wurin da yake a ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma bai gabatar da sashen a saman rubutun ba. Kwamfuta ta ɗauka ƙaramar lamba zai dawo da ita, ta datse rabin adireshin. Tsohuwar kwamfutar gajeren adireshi gare ta, shi ya sa asiri ya rufu. A sabuwar kuwa, manhaja ta ɗauki guntun adireshi ta je sallama a gidan da babu shi, ta kife. Layi ɗaya tak malamar ta ƙara, aiki ya tashi.

Aka aika a nemo matar. Kwaɗo aka tarar a ƙofa, ta kwashe yaranta ta koma ƙauye. Gwanin kuwa har yau yana kan kujerarsa.

Kafin ka kira wanda kake shirin kira, je ka karanta gargaɗin nan. Irin wannan ne Hausawa ke cewa, an bar jaki ana dukan taiki.