Kurɓin Farko na Mai Gida Ne

Ina ƙarama Baba ya ɗauko ni daga Maraɗi zuwa Lafia, wurin abokinsa mai doya a Akurba. Mahaifiyar abokin ta kawo kunun zaƙi a ƙwarya, ta kurɓa, sannan ta miƙo mana.

Na yatsina fuska. "Baba, saura za mu sha?"

Tsohuwar ta yi dariya. "Jikata, a nan mai gida ke farawa. In da mugun abu a ciki, ni zai fara kayarwa."

Baba ya karɓa hannu biyu, ya sa baki daidai inda ta sha, ya miƙo min.

Har yau baƙona ba ya shan komai sai na kurɓa. Mai ƙyama ya yi ta yi, ni na san abin da nake ba shi.