Kofin Denmark

Madam Raghad ta ɗaga kofin tangaran mai shuɗin fure a wata rumfar gwanjo.

"Wallahi ɗan Denmark ne! Na karaɗe kasuwar gwanjon Jidda ina neman irinsa. Shi kaɗai ya rage saitin marigayiya mahaifiyata ya cika. Ko nawa ne zan biya."

Mai rumfar ta karɓa kamar za ta naɗe mata, sai ta ɗage niƙabi. Madam ta ja baya, ganin tsohuwar 'yar aikinta.

"Hikima?"

"Ni ce, Madam. Ɗanki ne ya fasa wancan kofin na saitin, amma ni kika mara, kika watso min kayana titi."

Hikima ta saki kofin, ya tarwatse a kan siminti.

"Yanzu kam ni na fasa. Halas, magana ta ƙare."